Maƙabartar da Na Rubuta Gona

Aikina a Dubai shi ne in faɗi inda ƙasa za ta lotsa tun ba ta lotsa ba. In na gaya wa mutanen gida haka, sai su yi mini kallon wanda ya je jami'a ya koyo duba. Mahaifiyata ta taƙaita abin, ta ce ina aikin kwal, har ta taɓa tambayata ko ana ba mu na girki. Gaskiyar ita ce tun da na zo garin nan ban taɓa riƙe kwal a hannuna ba, don babu shi. Ofishinmu yana hawa na huɗu a Deira, a saman masu kargo, inda ƙarar salatif ɗin ɗaure kaya ke tashi tun safe. Mahaƙan suna can wasu ƙasashe. Mu hotuna da lambobi ake turo mana, mu mayar da taswira da sa hannu.

Irin haƙar da muke wa lissafi ba ta da wuyar fahimta. Kwal yana kwance a ƙarƙashin ƙasa kamar katifar da aka shimfiɗa aka ɗora mata duwatsu. Sai a ware wani dogon yanki, a kafa inji a bakinsa yana yankar kwal ɗin daga wannan gefe zuwa wancan, yana matsawa gaba a hankali. Akwai wasu ƙarafa masu tokare rufin a kan ma'aikata, su ma tafiya suke da injin. Inda aka wuce kuwa ba a tokare shi. Da gangan ake barin rufin ya rufta. Ramin ya cike, abin da ke samansa ya sauko, na saman wannan ma ya biyo, har maganar ta iso doron ƙasa inda mutane ke shanya da kiwo.

Wanda ya taɓa danna kwanannen tuwo da babban yatsa ya san sauran. Tsakiya lotsawa take yi lumus, ba ta fashewa. Gefe ne ke darewa. Saboda haka abin da ke daidai saman ramin sau da yawa sauka kawai yake yi lafiya lau, kamar wanda ya shiga lif. Wanda ke baki-baki shi ke shan wuya, nan ƙasa ke miƙewa ta tsage, wani lokaci har ƙafa ta shige. Aikina in zana wannan bakin, in kuma duba me ke zaune a kansa.

Wani aiki ya zo mana daga Turkiyya, mahaƙa a cikin tsaunuka, kusa da wani ƙauye. Aka turo hotunan da jirgi maras matuƙi ya ɗauka daga sama, aka ce in bi su in rarraba. Tsarinmu launi ne. Ja ga abin da ba a yarda ya motsa ba, irin gida da masallaci da bututun ruwa. Kore ga gona da makiyaya. Ma'anar kore ita ce ƙasar na iya tsagewa babu laifi, in ta gama motsi a kawo katafila ta cike tsagar ta baje wurin, a ci gaba da noma.

A ƙarshen yankin da za a haƙa, a kan wani ɗan tudu, daidai inda lissafina ya ce ƙasa za ta fi darewa, na ga wasu tsibi-tsibin ƙasa a jere, ciyawa ta rufe su. Taswirar hukuma ta ce wurin makiyaya ne. Ba zan yi wa kaina ƙarya ba, tunanin kabari ya zo mini. Na ma ji daɗin da ya zo, don na ga alamar ni mai lura ne. Sai na duba kibiyar arewa a kusurwar hoton. Tsibin nan gabas da yamma suke kwance. Ni kuwa tun ina ɗan shekara goma sha nake bin jana'iza a Kano, na san kabarin Musulmi kudu da arewa yake, kai a kudu, fuska na kallon fitowar rana. Na duba ƙauyen, ga hasumiyar masallaci, babu alamar coci. Mutanen Musulmi ne, tsibin ba su kwanta irin na Musulmi ba, ashe ba kaburbura ba ne. Na rubuta tsohuwar gona mai kunyoyi, na shafa mata kore, na wuce. Duk abin bai ci minti biyu ba. Jahili da ya ga wurin da tsayawa zai yi ya tambaya. Ni ilimina ne ya hana ni.

Rahoto ya tafi, aka amince, inji ya kama yanka. Wata uku ya yi yana tahowa.

A Al Nahda nake zaune, a filat ɗin da muke rabawa da wani mutumin kudancin Kaduna, mai gyaran lif. Ya girme ni da kusan shekara goma sha biyar. Dattijo ne a cocinsu, saboda haka Dattijo nake kiransa, shi kuma ya ce mini Injiniya da wata irin murya da ke nuna bai gama yarda ba. Ya taɓa ce mini aikinmu ɗaya, shi yana hana mutane faɗowa, ni ina gaya musu ranar da za su faɗo.

Wata Lahadi da rana ya dawo daga coci, ya cire kwat ya rataye, ya ɗora faten acca. Ni ina falo da kwamfuta a kan teburin cin abinci, ina shirya bayanin wata-wata da zan miƙa washegari. Hoton tudun nan ne a buɗe, na ja layin da ke nuna inda injin ya iso. Dattijo ya fito da ludayi a hannu zai ɗauki gishiri, ya tsaya a bayana.

Ya ce, "Injiniya, su wa aka binne a nan?"

Na ce, "Ba kowa. Gona ce."

"Gonar wa?"

"Tsohuwar gona ce, Dattijo. Kunyoyi ne ka gani."

Ya ajiye ludayin a kan takarduna, abin da ya san ba na so. Ya ja kujera. "Ka taɓa riƙe garma?"

"Na karanta aikin gona a sakandare."

"Na ji. Na ce ka taɓa riƙe garma?"

Na mayar da ido kan hoton.

Ya ce, "Ƙara girman wurin." Na ƙara. Ya sa yatsa a kan gilashin, wani abin da shi ma ya san ba na so. "Kunya tafiya take daga wannan bakin gona zuwa wancan. Wane malalacin manomi ne zai ja kunya tsawon mutum ɗaya ya tsaya, ya bar fili, ya sake jan wata? Kuma dubi kowacce da dutse a kai ɗaya. Ni na haƙa kabari a garinmu ya fi a ƙirga, mu 'yan zumuntar maza ta coci ake tasa tun asuba. Haka muke kwantar da namu, kai a yamma, ƙafa a gabas. Waɗannan 'yan'uwanmu ne."

Na samu abin kamawa. Na ce, "To ka gani. Ƙauyen Musulmi ne gaba ɗaya. Mu kudu da arewa muke kwantarwa. Shi ya sa na ce ba kabari ba ne."

"Ni ban san addininsu ba, habibi. Na dai san kabari." Ya matsa da yatsan gefe. "Waɗannan gajerun da ke tsakani, yara ne."

Ya tashi ya koma kicin, don faten ya fara kamu.

Na zauna ina kallon gajerun. Guda nawa ne ban ƙirga ba, kuma har yau ban ƙirga ba. Ina cikin haka aka kira la'asar a masallacin bayan gininmu. Na tashi na yi alwala, na shimfiɗa darduma inda na saba, wajen tagar da rana ke faɗuwa. Na ɗaga hannu zan yi kabbara, sai na tsaya da hannuwan a sama.

Yamma nake kallo. Shekara da shekaru ina kallon yamma sau biyar a rana.

Satin da na fara zuwa Dubai, a wani ƙaramin otal na sauka a Al Buteen. Kwana biyu ina sallah ina fuskantar inda rana ke fitowa, yadda jikina ya saba tun ina yaro, sai a rana ta uku ina kwance na hango 'yar kibiya manne a silin tana nuna bayana. Na rama sallolin, na mayar da abin labarin ban dariya da nake ba baƙi. Na san dalili sarai. Makka tana gabas da Kano, tana yamma da Dubai. Ko ɗan firamare aka ba taswira zai faɗa. To ga wanda ke Turkiyya fa? Makka tana kudu da shi. In za a kwantar da mamaci a kan damansa yana kallon kudu, dole kansa ya yi yamma, ƙafarsa gabas. Daidai yadda tsibin nan suke. Na gyara alƙiblar rayayyu tun satin farko, ta matattu kuwa na bar ta a Kano.

Sallar nan dai na yi ta, amma ba zan rantse a kan raka'o'inta ba.

Da na idar na koma kan kwamfuta na auna. Tsagewar ƙasa ba ta jiran inji ya iso ƙarƙashin wuri, gaba take yi masa, kamar yadda ƙura ke riga garke shiga gari. Da irin saurin da injin ke yi, na ga saura kamar sati biyar motsin farko ya taɓa gindin tudun. Bayan nan ƙasa ta buɗe a tsakiyar kaburburan. Bayan nan kuma katafila, bisa umarnin da ni na sa wa hannu.

Dattijo ya ajiye mini kwano. Ya ce, "Ci. Mutanen nan sun daɗe suna jira, za su iya jiran ka gama fate."

Washegari na shiga jirgin ƙasa na metro tun kafin cunkoso, na riga kowa zuwa ofis in ban da shugabar sashenmu. 'Yar kudancin Indiya ce, mace mai ƙarancin magana, wadda in ta cire tabarau ka san ranarka ta ɓaci. A hanya na shirya jawabi mai kyau wanda a cikinsa kuskuren ya faru da kansa, ba tare da wani ya yi shi ba. Da na zauna a gabanta sai jawabin ya gudu.

Na ce, "Madam, wurin da ke ƙarshen yankin Turkiyya, ina jin maƙabarta ce."

"Me muka rubuta?"

"Gona."

"Wa ya rubuta?"

"Ni."

Ta cire tabarau. "Ba ka gan su ba ne?"

"Na gan su. Na ma yi zargin kaburbura ne, sai na kore zargin."

"Da wane dalili?"

Na ɗauki abin maƙala takardu na ajiye a tsakiyar teburinta, na ce wannan Makka ce. Na kwantar da biro a hagunsa, na ce wannan kakana ne a Kano. Na kwantar da fensir a samansa, na ce wannan kakan mutanen ƙauyen ne. Ta daɗe tana kallon kayan aikinta.

Ta ce, "Mu ƙona namu muke yi, ba sa barin alama a taswira, don haka ba ni da bakin yi maka dariya. Sati nawa?"

"Biyar. Ƙila huɗu."

"To ba ka da lokacin nadama. Yalla, maza kira mai safiyonsu."

Mai safiyon mahaƙar, wato mai awon ƙasarsu, mutum ne da na shekara ina musayar lambobi da shi ban taɓa jin muryarsa ba. Turancinsa kaɗan ne, nawa Turkancin babu. Na tura masa hoton na zagaye wurin, na roƙe shi ya je da ƙafarsa, ya kuma tambayi tsofaffin ƙauyen. Ya ce hanyar tudun ta lalace, sai jibi.

Kwana biyun nan na gano wani abu game da kaina da ban so ba. Rabin zuciyata addu'a take Allah ya sa kunyoyi ne, don in fita. Ɗaya rabin ta san in ma an ce kunyoyi ne ba zan yarda ba. Dattijo bai taimaka ba. Duk shigowarsa sai ya ce, "Injiniya, ya gona? An yi shuka?"

Ranar Laraba da hantsi saƙo ya shigo. Hotuna ne, an ɗauka daga ƙasa. Duwatsu marasa rubutu, wasu sun karkace, gansakuka ta cinye su. A hoto na ƙarshe ga wata tsohuwa da ɗankwali da sanda, ta dafa ɗaya daga cikinsu. Mai safiyon ya rubuta cewa da can ƙauyen a kan tudun yake, da aka yi titi a kwari sai mutane suka sauko, suka buɗe sabuwar maƙabarta. Tsohuwar maƙabartar ba ta shiga takardar hukuma ba. Ya ce matar nan ita ta kai shi, kuma dutsen da ta dafa na mahaifiyarta ne. Ta tambaye shi me ya sa yake tambaya. Ya ce bai san abin da zai ce mata ba, sai ya ce ƙidaya ake yi.

Masu mahaƙar ba su yi murna ba, kuma ban ga laifinsu ba. Tsayar da inji kafin ƙarshen yanki yana nufin a bar kwal a ƙasa har abada, a kuma kwashe ƙarafan nan tun lokacinsu bai yi ba. An yi taro ta bidiyo wanda a cikinsa aka ambaci sunana fiye da yadda nake bukata. Wani ya kawo shawarar a tone a mayar da su sabuwar maƙabarta. Mai safiyon, wanda ban taɓa jin ya yi doguwar magana ba, ya yi wata da harshensu. Ban ji ko kalma ɗaya ba, amma ba a sake tayar da shawarar ba. A ƙarshe shugaban mahaƙar ya juyo gare ni ya ce, to, a ina za mu tsaya?

Wannan ita ce tambayar da aka ɗauke ni aiki don in amsa, kuma ban taɓa jin nauyinta irin na ranar ba. Motsin ƙasa ba ya hawa sama a miƙe, buɗewa yake kamar bakin mazurari, saboda haka iya zurfin ramin, iya nisan da tsagewa za ta kai a gefe. Faɗin mazurarin kuwa ya danganta da irin dutsen wurin, kuma dutse ba ya karanta littattafanmu. Na ajiye lambar littafi, na nemi a turo mini duk awon da aka yi a yankunan da aka riga aka haƙa a wannan tsaunin, na ga iya inda ƙasarsu ta saba kaiwa. Na ja layi. Na ƙara tazara. Madam ta duba ta ce tazarar ta yi yawa, na ce na sani. Ta kalle ni ta saman tabarau, ta sa hannu.

Aka kafa turaku a jere daga layin tsayawa har gindin tudun, mai safiyon yana auna su duk sati. Injin ya iso layin ya tsaya. Amma ƙasa ba ta tsayawa ranar da inji ya tsaya, tana ci gaba da sauka wata da watanni. Duk Litinin awo ke zuwa, ni kuwa na koma kamar mai jiran sakamakon asibiti. Turken farko ya sauka sosai, yadda aka zata. Na tsakiya suka bi. Sati na shida wata tsaga ta buɗe a makiyayar, ta nufi tudun. Sati na bakwai ta ƙara tsawo. Ranar ko abincin rana ban fita ba.

Sati na takwas ba ta ƙaru ba. Na tara ma haka. Turaku ukun ƙarshe, na gindin tudun, motsinsu bai wuce kuskuren na'urar awo ba. Na bar wata biyu suka wuce kafin in yarda, don na riga na ga abin da saurin yarda da kai ya jawo mini. Sannan mai safiyon ya turo hoto ɗaya ba tare da lamba ba. Ga tsagar a gaba, ya ajiye hularsa ta aiki a bakinta don a ga girmanta. Can baya, da 'yar tazara mai kyau, ga duwatsun a tsaye yadda suke, karkatattun ma ba su ƙara karkata ba. Tumaki na kiwo a tsakaninsu. Ya rubuta kalma ɗaya da ya koya a wurina: khalas, wato shi ke nan.

Na sauka daga ofis na bi ta cikin masu kargo har bakin ruwa, na shiga abra, kwale-kwalen fito, na haye, na sake hayowa, ba don ina da abin yi a wancan gefen ba. Tsohuwar nan har yau ba ta san an taɓa shafa wa mahaifiyarta kore ba. Mai safiyon ya ce an kewaye wurin da waya, an kuma shigar da shi taswira, ita kuwa ta ɗauka sakamakon ƙidayar ce.

Da yamma na nuna wa Dattijo hoton. Ya sa tabaransa na karatu, ya daɗe yana dubawa.

Ya ce, "Gajerun fa?"

Na ce, "Suna nan. Ba abin da ya taɓa su."

Ya miƙo mini wayar. "To madalla. Ashe dai naku ne."

"Namu ne."

"Amma irin namu suka kwanta."

"Haka ne, Dattijo."

Ya cire tabaran ya ninke. "In ka je gida hutu, ka zo garinmu. Akwai garma a bayan ɗakin ƙanena, zan sa a nuna maka yadda kunya take."